Jadawalin Masani Mai Sito

A sashen harhaɗa magunguna na wata jami'a an yi wani mai tsaron sito da kowa ke kira Masani. Ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba, amma bai taɓa cewa a daina ba. Asalin abin, duk maganar da ka ɗauko, kafin ka kai tsakiyarta zai ɗaga hannu ya ce, "Ai na sani." Ko cewa ka yi matarka ta sauka yau da safe, sai ya ce ai ya sani, tun jiya ya ga alama a tafiyarka.

A yi masa adalci, aikin sito ya iya shi. Shekara goma sha tara makulli na hannunsa, kwalba ɗaya ba ta taɓa yin ɓatan dabo ba. Duk abin da ya shigo hannunsa, ba ya samun natsuwa sai ya jera shi ya manna masa lamba. Kwalaben sinadarai da lambarsu, kantoci da lambarsu, tsintsiya biyu da ke bayan ƙofa akwai ta ɗaya akwai ta biyu. A gida ma sai da matarsa ta yi da gaske sannan ya ƙyale mata tukwane.

Abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne Dakta, wani siririn malami da ofishinsa ke kallon ƙofar sito. Ɗalibai su karɓi kwalba a wurin Masani ko sannu babu, su tsallaka su rusuna wa Dakta. Shi kuwa Dakta aikinsa na zaune ne. Sashen na neman sinadarin da zai kashe tsutsar sauro tun tana cikin ruwa, kafin ta yi fiffike. Gwada sinadari ɗaya a kan tsutsa yakan ci makonni, shi ya sa Dakta ya sa kwamfuta a cikin aikin. Kowane sinadari yana da ƙirarsa: nauyin ƙwayarsa, zobe nawa ne a jikinta, rassa nawa, ta fi son mai ko ta fi son ruwa. Sai ya zuba waɗannan awo a jadawali, kowane sinadari da layinsa, a ƙarshen layin ya rubuta yawan tsutsar da ya kashe a ɗakin gwaji. Kwamfuta ta yi ta dubawa har ta gano wace irin ƙira ce ke tafiya da kisa. Daga nan in an ba ta sinadarin da ba a taɓa gwadawa ba, sai ta yi hasashe. A cikin goma takan dace a bakwai, kuma Dakta na murna da hakan.

Ranar da Masani ya ji wannan bakwai ɗin, sai ya leƙa ofishin ya kama ƙugu.

"Dakta, bakwai cikin goma? Ni in na ɓatar da kwalba uku cikin goma, ai ko sallama ba za a bari in yi ba."

"Malam Masani, hasashe ne. Bakwai ɗin ma an sha wuya kafin a same shi."

"Ai na sani. Amma kwamfuta kamar ɗan aike ce, in ba ka iya aikenta ba sai ta dawo maka da abin da ta ga dama. Ba ni jadawalin nan na mako guda."

Dakta na da aji cikin minti biyar, kuma ya san in bai ba shi ba, a bakin ƙofar zai wuni. Ya kwafe masa jadawalin da manhajar da ke yin hasashen a tsohuwar kwamfutar sito, ya nuna masa inda ake dannawa. Dakta na fita ya juyo ya ce, "Abu ɗaya. Sinadarai ɗari da tamanin ne. Ka ware talatin ka ɓoye, kada ta gan su. In ta gama koyo sai ka gwada ta da su."

"A ɓoye wa ɗalibi karatu sannan a ce ya ci jarrabawa?"

"Ai jarrabawar ke nan."

"Ai na sani," in ji Masani, ya rungume kwamfuta ya wuce.

Da ya buɗe jadawalin a gida bayan la'asar, sai ya ji kansa ya sara. Komai a hargitse. Mai ƙarfi a tsakiya, rago a sama, babu jeri babu lamba. Ya yi tsaki ya ce wa bango, "Mutum da digiri uku, amma a ba shi kanta ɗaya ba zai iya shiryawa ba." Ya zauna ya jera su tsaf, wanda ya fi kashe tsutsa a sama, mai bi masa a ƙasa, har zuwa ragon ƙarshe. Sannan ya buɗe sabon gurbi a farkon jadawalin ya ba su lamba, ɗaya zuwa ɗari da tamanin, kamar yadda yake wa kwalabe.

To, a nan ƙafarsa ta zame, kuma gara in faɗa tun yanzu. Da ya zo zaɓa wa kwamfuta abin da za ta koya da shi, sai ya haɗa mata duka, har da gurbin lambar. Kwamfuta kuwa ba ta da kunya, kuma ba ta son wahala. Ta duba zobe, ta duba rassa, ta ga lissafi ne mai tsawo. Ta duba lamba ta ga ƙaramar lamba kisa, babbar lamba lalaci, babu ko ɗaya da ya kauce. Sai ta watsar da ƙirar sinadari gaba ɗaya ta kama lamba. Talatin ɗin da Dakta ya ce a ɓoye, ko ɗaya bai ɓoye ba. Ya tambaye ta waɗanda ta riga ta gani, ta amsa duka daidai.

Ihun da ya yi sai da matarsa ta fito daga kicin da ludayi a hannu.

"Baban yara, kunama ce?"

"Ɗari da tamanin cikin ɗari da tamanin! Maman yara, ki dubi mijinki da kyau, yau ce ranar ƙarshe da za ki gan shi a matsayin mai sito."

"To sai in gan shi a matsayin me?"

"Mai bincike."

"Albarka. Mai binciken zai ci abinci ko sai ya huce?"

Washegari ya isa ofishin Farfesa, shugabar sashen, wata dattijuwa mai magana a hankali wadda ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, amma kowa ke shakkarta. Ya ajiye mata takarda shafi biyu. A ciki ya rubuta cewa ya ajiye aikin sito daga ƙarshen wata, a nemi wanda zai riƙe makulli, shi kuma a duba masa kujera a cikin masu bincike. Farfesa ta karanta har ƙarshe, ta cire tabarau.

"Malam, ka san babu gurbi a cikin masu bincike. In na sa hannu a wannan, ka fita daga sito, kuma ba ka shiga ko'ina ba."

"Ranki ya daɗe, in kika ga abin da na gano, da kanki za ki sa a kawo kujera."

"Dakta ya gani?"

"Ban so in tayar masa da hankali tun yanzu."

"To. Ranar Alhamis mai zuwa ƙarfe goma, ka nuna wa sashe gaba ɗaya."

Da ya gaya wa matarsa abin da ya rubuta, sai ta zauna a bakin gado. Yara huɗu ne a gidan, kuma wannan makullin ne ke ciyar da su. Tsoro ya kama ta sosai, ta ce, "Baban yara, ka koma ka karɓo takardar nan. In binciken ya yi kyau, sai ka sake rubutawa."

"Wanda zai hau sama ba ya riƙe da ƙofar sito."

"Wanda zai hau sama yakan bar tsani a jingine," in ji ta. Bai ji ba, ya riga ya fita tsakar gida yana gwada yadda zai tsaya ranar Alhamis.

Ranar Asabar ya ɗauki kwamfuta ya tafi shagon mai aski da ke bakin layinsu, wai aski ya je. Shagon na gefen wata kwata da ruwa ke kwanciya, sauro ya hana mai askin sakat. Masani ya ɗora kwamfuta a cinya ya yi bayani na rabin awa, masu jiran layi na gyaɗa kai.

Mai aski ya ce, "Yanzu maƙwabci, komai aka ba ta za ta faɗi ko yana kashewa?"

"Komai. In dai yana da ƙira."

Mai aski ya duba gefe ya ga kofin shayinsa. "To tambaye ta sukari."

Aka yi dariya. Masani ya nemo ƙirar sukari a kundin da ke cikin manhajar. Da yake yanzu ya buɗe jadawalin, a sama yake, sai ya buɗa wa sukari layi a can sama. Sukari ya zama lamba ɗaya. Ya danna. Kwamfuta ta ce duk cikin jadawalin babu mai kisa kamarsa.

Shi kansa Masani sai da ya sake duba amsar. Amma mutum bakwai na kallonsa, sai ya gyara zama.

"Dama na yi zargin haka. Ba ku ga yadda yake yi wa haƙora ba? To ina ga tsutsa da ba ta da ƙashi?"

Kafin azahar labari ya zagaye layin. Masani ya shiga gida ya ɗauke gwangwanin sukarin matarsa tana wanki. Mai aski ya kawo nasa. Matan layi suka aika kanti aka sayo, har mai kanti ya sayar da na cikin buhu ya kakkaɓe. Masani ya naɗe ƙafar wando ya bi kwata daga farkon layi zuwa ƙarshe yana barbaɗawa, yana cewa a ja da baya, abin da ƙarfi.

Mai kanti ya ji daɗin cinikin, shi ya sa da yamma ya tako shagon aski da gwangwanin maganin sauro na feshi. Ya ce, "Masani, duba mini wannan, in samu abin gaya wa masu saye." A lokacin Masani ya gangara har ƙasan jadawalin, yana nuna wa jama'a tsawonsa. Ya karanta sunan sinadarin a jikin gwangwani, ya nemo ƙirarsa, ya saka shi a inda hannunsa yake, a layin ƙarshe. Ya danna, ya girgiza kai.

"Mai kanti, ka yi haƙuri. Turare kake sayar wa mutane."

"Turare?"

"Ruwan banza mai ƙamshi. Shi ne na ƙarshe a aji."

"A gabanka na fesa wa kyankyaso shekaranjiya ya juya ƙafa sama!"

"Suma ya yi. Ka tsaya ka ga tashinsa?"

"Na share shi na zubar!"

"Ka gani? Ba ka da hujja."

Ranar Lahadi mata uku suka mayar wa mai kanti gwangwanayensu. Ya tsaya a bakin kanti yana huci, ya rantse ranar Alhamis ko shago zai rufe sai ya je ya ji a gaban manya.

Ranar Litinin baƙi suka iso. Kiyashi ya fito daga inda ba a taɓa sanin yana da gida ba, ya yi layi daga kwata, ya hau bango, ya shiga tagogi. Ƙudaje suka rufe bakin kwatar. Wani dattijo da ake wa aski ya zabura da rabin kai a aske, yana kakkaɓe wando yana salati, ya fita bai dawo ba. Mai aski ya tare Masani a hanya, ya ja shi har bakin ruwan.

"Maƙwabci, leƙa. Tsutsar nan ƙiba ta yi ko idona ne?"

Masani ya leƙa. Tsutsa na ta wutsil-wutsil, lafiyarta ƙalau.

"Mataki na farko ke nan. Kumbura su yake yi."

"Na biyun fa?"

"Fashewa."

"Yaushe?"

"Kimiyya ba ta son gaggawa."

"Kiyashin nan fa, a wane mataki yake?"

"Wannan ba a cikin jadawalina yake ba," in ji Masani, yana murza ƙafa ɗaya da ɗaya, don sun riga sun hau masa sawu.

A gida matarsa ta ajiye masa shayi ba sukari. Ya kurɓa ya yamutsa fuska. Ta ce, "Ka sha haka, Baban yara. Ba na so ka kumbura."

Duk da haka bai yi laushi ba. Ya kai farar rigar aikinsa aka goge ta har tana tsayawa da kanta. Ya gayyaci layin gaba ɗaya. Ranar Laraba Dakta ya leƙo sito ya ce ko zai bari ya duba masa aikin kafin gobe, Masani ya rufe kwamfuta da tafin hannu ya ce gobe kowa zai gani lokaci ɗaya, ba a son zuciya.

Alhamis ƙarfe goma ɗakin taro ya cika. Malamai a gaba, ɗalibai a tsakiya. A baya mai aski na zaune yana sosa ƙwauri, mai kanti ya rungume gwangwaninsa, matar Masani ta takure a kujerar kusa da ƙofa. Aka haɗa kwamfuta da majigi, jadawali ya fito a bango.

Masani ya fara da tarihin rayuwarsa. Sai da Farfesa ta dubi agogo sau biyu sannan ya iso kan magana. Ya nuna ɗari da tamanin cikin ɗari da tamanin, ya juyo ya dubi Dakta ya ce, "Wasu na samun bakwai cikin goma. Ba laifinsu ba ne, kowa da inda Allah ya tsayar da shi."

Dakta ya ce, "Talatin ɗin da ka ɓoye, nawa ta ci a ciki?"

"Ni ba na ɓoye-ɓoye a aikina."

Wani ɗan gunaguni ya tashi a layin malamai. Kafin kowa ya ce wani abu, mai kanti ya miƙe daga baya ya ɗaga gwangwani sama.

"Ranki ya daɗe, ni ba ɗan makaranta ba ne, amma mutumin nan ya ce kayana turare ne a gaban jama'a. A sake tambayar na'urar a gabanku."

Farfesa ta ce, "A sake."

Masani ya yi murmushin tausayi. Jadawalin na sama a lokacin, sai ya buɗa layi a sama ya saka sinadarin gwangwanin. Ya danna ba tare da ya kalli bango ba, yana cewa, "Kamar yadda za ku gani..." Sai ya ji ɗakin ya yi tsit. Ya juya. Kwamfuta ta ce duk jadawalin babu mai kisa kamarsa.

Mai kanti ya daka tsalle. "Ranar Asabar na ƙarshe a aji, yau na ɗaya! Yaushe ya yi karatun?"

"Wataƙila... kamfanin ya gyara haɗin."

"Gwangwanin ranar ne! Ga inda ka kankare da farce!"

Mai aski ma ya miƙe. "Tunda ana tambaya, a tambayar mini sukari. Mu dai kumburin muka gani, fashewar muke jira."

Farfesa ta juya. "Wane sukari?"

"Wanda muka zuba a kwata, ranki ya daɗe. Layi guda."

Wani malami ya sa hankici a baki. Dakta bai yi dariya ba, ya ƙura wa bango ido, yana bin gurbin farko na jadawalin da kallo. Ya matsa ya yi wa Farfesa raɗa. Ta gyaɗa kai, ta ce a hankali, "Malam, saka mana ruwa."

"Ruwa, ranki ya daɗe?"

"Ruwan sha. Yana da ƙira. Saka shi a sama."

Ya saka. Kwamfuta ba ta ɓata lokaci ba, ta ce ruwa ya fi kowa kisa.

Farfesa ta ce, "To Malam, ita tsutsar a cikin me take rayuwa?"

Masani ya buɗe baki. A karo na farko a tarihin sashen, "Ai na sani" bai fito ba.

"Yanzu ɗauke ruwan ka kai shi layin ƙarshe."

Ya kai. Kwamfuta ta ce ruwa ba ya kashe komai. Ɗaki ya fashe. Ɗalibai na dukan tebur, mai kanti na zagaye kujera da gwangwani a sama. Dakta ya taso ya nuna gurbin farko da biro, ya jira hayaniya ta lafa.

"Malam Masani, wannan lambar wa ya sa ta?"

"Ni. Jadawalin a hargitse ka ba ni."

"Ka jera su daga mai ƙarfi zuwa rago, ka ba su lamba, ka ba kwamfuta lambar. Ba ta taɓa kallon ƙirar sinadari ko sau ɗaya ba. Lambarka take karanta maka."

"To ai... ta karanta daidai."

Aka sake fashewa. Masani ya duba bayan ɗaki. Matarsa ba ta dariya, kanta na sunkuye, tana murza bakin mayafi. Wannan ya fi duk dariyar yi masa ciwo, sai a lokacin ya tuna da takarda shafi biyu.

Da aka watse ya bi Farfesa ofis, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da hula. Takardar na kan teburi.

"Ranki ya daɗe, game da 'yar wasiƙar nan..."

"Na sa hannu tun Litinin. Sau uku ka roƙi hakan a cikinta." Ta juya masa ita ya ga sa hannun. "Ba ta bar ofishin nan ba tukuna. Masinja zai zo ɗaukar takardu Litinin mai zuwa ƙarfe tara."

"Yara huɗu ne, ranki ya daɗe."

"Ka san da su lokacin da kake rubutawa." Ta janyo takardar gabanta. "Duk shekara Dakta na gaya wa sababbin ɗalibai su kiyayi wannan kuskuren, duk shekara sai an samu masu yi. Ba sa ji, don ba su taɓa ganin wanda ya yi ba. Litinin ƙarfe takwas suna da aji. Za ka tsaya a gabansu ka nuna musu abin da ka yi, daga jerin har kwata. In ka yi, takardar ba za ta tafi ba."

"Ko in rubuta a raba musu?"

"Da baki."

"Ko a ce wani mutum ne a wata jami'a?"

"Kai."

"Sukarin fa, dole ne?"

"Musamman sukarin."

"Sau ɗaya?"

"Duk shekara."

Masani ya dubi takarda, ya dubi Farfesa. Da cewa ta yi ya share sashen gaba ɗaya da tsintsiya, da ya fi masa sauƙi. Ya ce ya amince.

Kwana uku ya yi ba ya iya cin abinci sosai. Asabar ya wuni da bokiti shi da mai aski suna wanke kwata, mai kanti na tsaye a kansu yana fesa wa kiyashi magani, duk wanda ya faɗi sai ya ce, "Masani, duba mini wannan, suma ya yi?" Masani ya ci gaba da sheƙa ruwa.

Litinin ƙarfe takwas ya tsaya a gaban ɗalibai saba'in. Farfesa na zaune a kujerar baya da takardar a cinya, Dakta na gefe. Ya yi gyaran murya sau uku, ya dubi ƙofa, ya dubi takardar, sannan ya ce da wata 'yar murya da shi kansa bai san yana da ita ba, "Ni ne mai sito. Na yi kuskure. Na ba kwamfuta amsa a ɓoye cikin tambaya, sannan na yi mata tafi da ta amsa."

Ya sunkuyar da kai yana jiran dariya. Sai ya ji wani ƙaramin sauti ya cika ɗakin. Ya ɗago. Kai saba'in a sunkuye, biro saba'in na tafiya a kan takarda. Maganarsa suke rubutawa.

Ya tsaya yana kallonsu, idonsa ya ciko. Wata ɗaliba a gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a maimaita daga 'na ba kwamfuta amsa'."

Ya maimaita, a hankali, don kowa ya samu. Ya nuna musu jerin, ya nuna lambar, ya saka ruwa a sama ya kai shi ƙasa. Da ya iso kan sukari muryarsa ta dawo daidai, ƙirjinsa ya fara tasowa, har ya bar bayan teburi yana zagaye ɗakin da hannu a baya.

"Ku rubuta da kyau," ya ce. "Mutane da yawa sun yi wannan kuskuren a ƙasashe daban-daban, Dakta na nan ku tambaye shi. Amma nasu a takarda ya tsaya. Babu wanda ya taɓa kai shi har kwata sai ni. In ya fito a jarrabawa, kada wanda ya rubuta sunan wani."

Dakta ya rufe fuska da tafin hannu. A kujerar baya Farfesa ta ninka takardar biyu ta yaga, ta sake ninkawa ta yaga, ta zuba a jaka. Masani bai ma gani ba, ya juya allo yana zana musu taswirar layinsu, da inda kiyashi ya fara shigowa.